Lakca ko tsofaffin tambayoyi: amsa ga mai shirin jarrabawar ICAN

Wani ƙanina da ke aikin akanta a wani kamfanin robobi a Sharaɗa ya turo mini tambaya kan jarrabawar ICAN, hukumar ƙwararrun akantoci ta Nijeriya. Ya ce: "Yaya, sau biyu ina zama takardar haɗa rahoton kuɗi ta ICAN, sau biyu ina faɗuwa, na farko da maki 41, na biyu da 44. Duk biyun na biya kuɗin lakca, kuma ban taɓa fashin aji ba. Yanzu Nuwamba na tafe. In sake biyan lakcar ne, ko in zauna a gida in duƙufa kan tsofaffin tambayoyi?"

Ƙanina, a halin da kake ciki, kada ka sake biyan kuɗin cikakkiyar lakca. Ka riga ka ji bayanin nan sau biyu, jin na uku ba zai ƙara maka maki shidan da suka rage ka kai 50 da ake nema ba. Abin da ya rage maka shi ne biro da takarda da agogo. Ni malamin lakca ne a ƙarshen mako, wannan maganar aljihuna take taɓawa, amma gaskiya ɗaya ce.

Duk wanda ya yi makarantar allo a garin nan ya san abin da zan faɗa tun kafin in faɗa. Malam zai biya maka karatu sau ɗaya ko sau biyu, ka bi bakinsa. Daga nan sai ka koma gefe ka yi ta maimaitawa, ka kife allon ka gwada, ka kakare, ka leƙa, ka sake kifewa. Ba a ba ka izinin wanke allo don ka saurari malam da kyau, sai ka kawo hadda da ka. A musabaƙa kuwa alƙali jan baki kawai zai yi maka daga tsakiyar sura, ya yi shiru, sauran naka ne. Zauren jarrabawa musabaƙa ce. Lakca biyawar malam ce, tana da muhimmanci, amma ba ita ce hadda ba. Kai biyawa kake ta sauraro shekara biyu, ba ka kife allon ba.

Abin da ke yaudarar mutum a aji shi ne daɗin fahimta. Malam yana gaban allo yana warware lissafi, kowane mataki yana bin na gabansa lafiya lau, kai kuma kana gyaɗa kai, har kana cewa a ranka ashe abin da sauƙi. Ba ka lura cewa malam ne ya zaɓo lambar da za a fara da ita ba, shi ya san wadda za a ajiye sai daga baya, shi ya tsallake tarkon ba tare da ya ce maka akwai tarko ba. Wannan zaɓen lambar daga cikin shafi biyu na bayanai shi ne ainihin abin da ake gwada ka a kai, kuma shi ne abin da ba ka taɓa yi da hannunka ba.

Ga misali daga takardarka. A ce kamfani uwa ya sayi kashi 80 cikin ɗari na wani ƙaramin kamfani a Bompai a kan naira miliyan 120. Ranar da aka yi cinikin, jarin hannun jarin ƙaramin kamfanin miliyan 50 ne, ribar da ya tara miliyan 60. A ƙarshen shekarar da ake tambaya, ribar da ya tara ta kai miliyan 90. Can ƙasa, a bayani na huɗu ko na biyar, an ambata cewa filin kamfanin ya fi abin da ke rubuce a littafi daraja da miliyan 20 a ranar ciniki. An ce a auna kason masu ƙaramin hannun jari, wato masu sauran kashi 20, gwargwadon rabonsu na dukiyar. Nemo gudwil, wato rarar da aka biya sama da darajar dukiyar kamfanin. A aji ba ya ɗaukar minti biyar: 50 da 60 da 20 sun ba da 130, kashi 20 na 130 shi ne 26, a haɗa 120 da 26 a cire 130, saura miliyan 16. Kowa ya gane, kowa ya kwafa a littafi. Amma ka ba ɗaliban nan irin tambayar bayan mako biyu, littafi a rufe. Wani zai ɗauko 90 maimakon 60, saboda ita ce a cikin jadawalin da ke gaban idonsa, ita kuma 60 tana cikin rubutu. Dukiyar ta zama 160, kason masu ƙaramin hannu 32, amsa ta fito ƙasa da sifili da miliyan 8, sai gumi ya karyo masa, ya shiga soke-soke. Wani zai manta da filin gaba ɗaya, ya samu 32, ya wuce abinsa da murna. Babu ɗaya daga cikinsu da bai san ma'anar gudwil ba. In ka tsayar da su a bakin ƙofa za su zayyano maka ita tsaf. Hannunsu ne bai taɓa faɗa wa wannan ramin ba a gida, sai ya faɗa a zaure, inda faɗuwar ke da tsada. Wanda ya taɓa ɗauko 90 sau ɗaya a ɗakinsa, ya duba amsa ya ga ɓarnar da ta yi masa, da wuya ya sake.

Masu binciken yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe karatu sun auna wannan. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce. Wasu suka karanta a zama huɗu. Wasu suka karanta a zama ɗaya, sannan aka karɓe takardar aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda sai labari ya juya: masu gwada kansu sun tuna kimanin kashi 61, masu maimaita karatu kimanin kashi 40. Abin da ya fi ba ni sha'awa, masu maimaita karatun su ne suka fi amincewa da cewa za su tuna. Haka kake fitowa daga lakca ranar Lahadi da yamma, zuciyarka fes, kana jin ka gama da darasin. A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa sun tace dabarun karatu guda goma, biyu kawai suka ba babban matsayi: gwada kai da tambayoyi, da rarraba karatu a kan kwanaki maimakon a danne shi a dare ɗaya. Maimaita karatu da ja wa layi kala, waɗanda su ne sana'ar yawancinmu, suna can ƙasa.

Kada ka ɗauka ina cewa lakca banza ce. Da wani ne ya yi mini tambayar nan, wanda ya karanta kimiyya ko tattalin arziki ya shigo ta matakin farko, ko yaron da ya fara ATSWA, jarrabawar ƙananan akantoci, daga sakandare, da amsata ta bambanta. Wanda bai san dalilin da ya sa debit ke hagu kiredit ke dama a littafin asusu ba, in ka jefa masa tsohuwar tambaya, ba koyo zai yi ba, wahala zai sha, ya ƙare da haddace amsa. John Sweller na Ostireliya ya nuna tun shekarun 1980 cewa sabon shiga ya fi ƙaruwa da ganin misalin da aka warware mataki-mataki fiye da a sake shi shi kaɗai da matsala. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa da zarar mutum ya fara ƙwarewa, wannan amfanin yana raguwa, har ya koma ɓata lokaci. Wato lakca ta karon farko ce a kan kowane babi. Kai ka wuce nan a yawancin babobin.

Akwai wuri na biyu da malami ke cin kuɗinsa da halali, kuma wannan ya shafe ka. Tsofaffin tambayoyi suna tsufa da gaske. Nijeriya ta fara aiki da ƙa'idojin IFRS, na rahoton kuɗi na ƙasa da ƙasa, a 2012 ga kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, kuma ƙa'idojin ba su tsaya wuri ɗaya ba. IFRS 15 ta maye gurbin IAS 18 kan kuɗin shiga a 2018, IFRS 9 ta karɓi wurin IAS 39 a shekarar, IFRS 16 ta kawar da IAS 17 kan haya a 2019. In ka ɗauko amsar wata tambayar haya ta 2016 ka haddace, za ka raba hayar mai karɓa gida biyu kamar yadda ake yi a da, alhali yanzu kusan duk hayar da ta wuce shekara tana shiga cikin kadara da bashin mai karɓar. Dokar kamfanoni ta 1990 ta ba ta 2020 wuri. A haraji abin ya fi muni. Harajin VAT kashi 5 ne har sai da dokar kuɗi ta 2019 ta mayar da shi 7.5 daga Fabrairun 2020, an kuma yi ta sauye-sauye a dokokin kuɗi na shekarun da suka biyo, sannan a Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji da suka sake fasalin abin baki ɗaya. Idan kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza. Waɗannan tarin amsoshin da ake turawa a rukunonin WhatsApp, babu kwanan wata babu sunan wanda ya warware, ka yi hattara da su. Ka shiga shafin ICAN ka tabbatar da manhajar da za a yi amfani da ita a zangonka da dokokin da za a tambaya, sannan in akwai babi biyu ko uku da suka canza ko waɗanda har yau ba su zauna maka ba, ka nemi malami a kan su kaɗai. Cibiyoyi da yawa suna yin ajin bita na 'yan makonni dab da jarrabawa. Wannan ya fi maka amfani a kan sake zama wata huɗu kana jin abin da ka sani.

Saura yadda ake yin tambayoyin, don a nan ne mutane ke cutar kansu suna zaton aiki suke yi. Akwai mai buɗe Pathfinder, littafin da ICAN ke fitarwa bayan kowane zango ɗauke da tambayoyi da amsoshinsu, ya karanta tambaya, ya juya shafi ya karanta amsa, ya ce "haka ne, da ma haka zan yi", ya wuce ta gaba. A dare ɗaya ya "yi" tambaya takwas. Wannan lakca ce ya sake yi wa kansa, sai dai babu malami. Ni ma na yi haka. A zamana na farko na takardar odit, wato binciken asusu, na karanta amsoshi har na iya faɗar shafin da kowace take, na shiga zaure ina taƙama, aka ba mu labarin wani kamfani aka ce mu fito da haɗurran da ke cikinsa, na zauna ina juya biro kusan minti goma ban rubuta layi ɗaya ba. Na faɗi, kuma ban isa in ɗora wa kowa laifi ba.

Yadda ya kamata shi ne ka rufe komai, ka ajiye waya a wani ɗaki, ka sa agogo. Awa uku na rubutu minti 180 ne a kan maki 100, wato minti 1.8 ga kowane maki. Tambaya mai maki 30 tana da minti 54, mai 20 tana da 36, mai 15 tana da 27. Lokaci na cika ka ajiye biro ko da kana tsakiyar jimla. Da farko abin zai ba ka haushi, za ka ga rabin tambayar kawai ka taɓa. To ai gara ka gani yanzu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina kyautata zaton 44 ɗinka ba rashin sani ba ne ya jawo ta. Ka tuna da kyau: tambayar farko ta dole, minti nawa ta ci maka? Na ga ɗalibai da yawa da suka kashe awa ɗaya da rabi suna neman ɓangarori biyu na rahoton su daidaita, suka bar tambayar ƙarshe mai maki 15 ba su ko karanta ta ba. Daidaituwar nan ba ta da wani maki na a-zo-a-gani. Makin yana warwatse a cikin matakan aiki, rabi nan, ɗaya can, kuma makin farko-farko na sabuwar tambaya ya fi na ƙarshe-ƙarshen tsohuwa sauƙin samu nesa ba kusa ba. Maki 50 ake nema, ba 100 ba.

Bayan ka ajiye biro sai ka ɗauki jan biro ka zama mai makin kanka, ka bi jadawalin rabon maki layi-layi, ba sani ba sabo. Wannan matakin yakan ɗauki lokaci daidai da na amsa tambayar, kuma a cikinsa karatun yake. Ka karanta rahoton mai jarrabawa da ke biye da amsar. Mutane suna tsallake shi, alhali wanda ya tsara tambayar ne da kansa yake gaya maka inda 'yan'uwanka suka zame da abin da yake so ya gani. Babu malamin lakca a Kano da ya kai shi sanin abin da ke ransa.

Sannan ka sayi ƙaramin littafi na musamman don kurakurai. Ba amsar za ka kwafa ba, dalilin kuskuren za ka rubuta a layi ɗaya, da harshenka, ko da Hausa ne: "Na ɗauki ribar ƙarshen shekara maimakon ta ranar saye." "Na manta an sayi kamfanin a tsakiyar shekara, ban raba ribar wata-wata ba." "An ce in tattauna, ni kuma na jero." Bayan mako uku ka karanta littafin daga farko, za ka ga ashe kuskure biyar ko shida ne suke ta dawowa da riga daban-daban. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Duk tambayar da ta kayar da kai, ka sake yin ta bayan kwana uku, ka kuma sake bayan kwana goma, littafi a rufe. Kuma kada ka jera tambayoyin babi ɗaya guda goma a jere har ka ji ka zama gwani. Bayan biyu ko uku ka cakuɗa: yau haɗe asusun kamfanoni, gobe rahoton shige da ficen kuɗi, jibi fassara alƙaluma. A zaure babu wanda zai rubuta maka sunan babi a saman tambaya.

Takardun da ba na lissafi ba ma haka ne, har sun fi. In ka zo kan odit, kowa ya haddace cewa kayan ajiya wuri ne mai haɗari. Amma a ce an ba ka labarin ɗan kasuwa mai fitar da riɗi daga Dawanau, yana da rumbuna uku, wani kayan nasa ne wani ajiya aka ba shi, buhu yana rage nauyi in ya bushe, farashi yana hawa da sauka da canjin dala. Wanda ya haddace zai rubuta jimlar littafi ya samu rabin maki. Wanda ya saba rubutawa zai ce ta yaya za a bambance buhunan mai rumbu da na masu ajiya ranar ƙirga, wane sikeli aka yi amfani da shi, kuma shin farashin sayarwa bai faɗi ƙasa da na saye ba a ƙarshen shekara. Wannan ba ya zuwa da sauraro, sai ka rubuta amsa marar kyau sau da yawa, wani ya karanta ya ce maka nan ba ka ce komai ba.

Shi ya sa nake son ka samu abokin karatu ɗaya, iyaka biyu. Kun wuce uku, majalisa ce, za a ƙare a hirar ƙwallo da siyasar Kano. Ku haɗu ranar Asabar a ɗakin karatu na Murtala Muhammad ko wani aji da ba kowa, ku zauna awa uku cur kamar a zaure, ku yi musayar takardu kowa ya yi wa ɗan'uwansa maki. Abokinka zai gaya maka abin da ba za ka gaya wa kanka ba, misali cewa rubutunka ba ya karantuwa, ko ka yi lissafin a kalkuleta ka rubuta amsa kawai ba ka nuna hanya ba. Wannan na ƙarshen yana cin mutane ƙwarai. In amsarka ta kuskure kuma babu aikin da ya kai ka gare ta a takarda, mai maki ba shi da abin da zai ba ka ko da yana so.

Na san yanayin aikinka. Ka taso daga Sharaɗa bayan la'asar, ka sha cunkoso a adaidaita, ka iso gida dab da magariba a gajiye, wataƙila ma an ɗauke wuta. A irin wannan gajiyar, kunna bidiyon lakca a YouTube ka kishingiɗa ya fi komai sauƙi, kuma za ka kwanta da jin ka yi karatu. Na fi son ka kwanta da wuri, ka tashi bayan asuba ka yi tambaya ɗaya mai maki 20, minti 36, ka yi mata maki kafin ka yi wanka. Kwana biyar a mako, ga cikakkiyar takarda ranar Asabar. Bidiyon ka ajiye shi sai littafin kurakuranka ya nuna maka takamaiman abin da ba ka gane ba, ka nemi wannan kaɗai, ka kalli minti goma sha biyar, ka rufe ka koma kan tambayar. A ra'ayina, ga mai maimaita takarda irinka, duk awa ɗaya ta sauraro ko karatu tana bukatar awa uku na rubutu. Sabon shiga zai iya farawa da rabi da rabi, yana rage sauraron yayin da jarrabawa ke matsowa.

Masu ACCA, jarrabawar hukumar akantoci ta Birtaniya, da ke karanta wannan, maganar ta shafe ku, da ƙari ɗaya: jarrabawarku a kwamfuta ake yi, don haka ku yi atisayen a kan kwamfuta, a manhajar gwaji da hukumar ta tanada, ba a takarda ba. Na ga wanda ya iya lissafin sarai amma tsara shi a jadawalin kwamfuta ya cinye masa lokaci. Masu bin hanyar ANAN, wata ƙungiyar akantoci ta Nijeriya, kuwa tsarinsu ya bi ta kwalejinsu da ke Kwall kusa da Jos, zaman aji wani ɓangare ne na tafiyar, amma daren da za su zauna su kaɗai da tambaya yana nan yana jiransu.

Wannan Asabar ɗin, kafin ka kashe ko sisi, ka ɗauko takardar zangon da ka samu 44, wadda ka riga ka taɓa gani, ka zauna mata awa uku ba tare da ka leƙa komai ba. Ka yi mata maki da jan biro, ka rubuta minti nawa kowace tambaya ta ci, ka kawo mini takardar da littafin kurakuran ranar Lahadi bayan la'asar. Daga nan za mu ga ko akwai babin da ke bukatar malami.